Rantsuwar da Ban Yi Ba

Durowa ɗaya ce a kantin Alhaji, amma hannu huɗu ke shiga cikinta. Akwai nawa, akwai na Baba mai kula da sito, wani dattijo daga Bugaje, akwai kuma na ƙanen matar Alhaji da ke tsayawa bayan kanta tare da ni. Na huɗun na Alhaji ne da kansa, shi kuwa ba ya shiga lissafi. In ɗan'uwa ya zo da kukan asibiti, ko maroƙi ya tsaya a ƙofa, sai ya zura hannu ya damƙo ya miƙa, bai duba ba, bai faɗa wa kowa ba. Kuɗinsa ne, wa zai ce masa don me?

Kantin yana Jibiya, kan titin da ya miƙe zuwa bakin iyaka, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Sabulu muke sayarwa, da madara, da batir, da ashana, da bokitan roba, da duk tarkacen da mutanen Nijar ke ɗauka su koma da shi. Su su biya da sefa, namu su biya da naira, duk a watsa wuri guda. Farashin canji kuma na safe daban, na yamma daban. Ko mala'ika aka ajiye a bayan kantar nan, wata ran sai cinikinsa ya ƙi cika.

Ni ba 'yar Jibiya ba ce. Aikin mijina ya kawo mu daga kudancin Kaduna, ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a bakin iyaka. Ciwo ya ɗauke shi, haƙƙinsa ya maƙale a ofis, ni kuma ga 'ya guda a makarantar kwana can gida. Albashin kantin nan shi ke riƙe da ita a aji. Shi ya sa da aka fara Shari'a, 'yan'uwana Kiristoci suka shiga ɗaure kaya, ni ban motsa ba. In faɗi gaskiya, babu wanda ya zage ni, babu wanda ya jefe ni. Na sayi babban mayafi na yafa, na ci gaba da harkata. Abin da ya same ni kawai shi ne gidan hayarmu ya zama kango. Matar da ke dafa farfesu a ɗakin da ke kusa da nawa ta kwashe tukwanenta ta tsallaka Nijar. Malamin makaranta da iyalinsa suka koma Filato. Aka bar ni da ɗakuna a kulle da ƙadangaru a tsakar gida. Wanda bai taɓa tuƙa tuwon mutum ɗaya ba bai san abin takaici ba, ko tukunyar sai ta riƙa yi maka kallon raini. Na koyi barin rediyo a kunne ko ba na sauraro, don dai in ji muryar mutum.

Coci ma ba ta cika zama tawa ba. Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, ranar ce kanti ke cika maƙil. Sai in leƙa sujadar safe, kafin a kai ga wa'azi na sulale. Matan zumunta suna gaishe ni da fara'a, amma na san sunan da suke kira na da shi in na ba da baya: mai cinikin Lahadi.

Alhaji kuwa amfanina a wurinsa a fili yake. Da an kira salla, maza su fita, ni in zauna da durowa. Ranar Juma'a duk layin a rufe, namu a buɗe. Har alfahari yake yi da ni gaban abokansa.

Can da, in ciniki bai cika ba, dokar mai sauƙi ce: a raba giɓin gida uku, a cire a albashinmu. Na tsani wannan doka, kuma ban ɓoye ba. Duk ƙarshen wata sai na yi mita, Baba yana ba ni haƙuri, ƙanen matar Alhaji yana dariya, don shi ko an yanke masa, yayarsa za ta cika masa ta bayan gida.

Da Shari'a ta zo, Alhaji ya shiga zuwa karatu wurin wani malami da asuba. Wata safiya ya tara mu, fuskarsa kamar wanda ya yi mugun mafarki.

“Ashe haƙƙinku ni ka ci ban sani ba,” in ji shi. “Malam ya ce haramun na. Ma'aikaci amintacce na, ba a taɓa mai albashi sai da hujja. Daga yau ƙaramin giɓi nawa na. In babba na, ba shaida, kowa shi rantse bai ɗauka ba, magana ta ƙare. Wanda ya ƙi rantsuwa shi ka biya.”

Ranar har a zuciyata na sa wa malamin nan albarka. Na ce ashe abin da nake tsoro shi zai ƙwato mini haƙƙina. Watanni suka wuce ina karɓar albashina cif, ko sisi ba a taɓa ba. Maganar rantsuwa kuwa ban ma sa ta a kai ba.

Sai ga kasuwar da ke gaban Babbar Salla. Raguna suka cika gari daga Nijar, masu su suna sayarwa suna shigowa kanti da kuɗi a aljihu, kowa yana so a sallame shi kafin motarsa ta tashi. Ban zauna ba, ban ci abinci ba. Azahar ta yi, maza suka fita, na tsaya ni kaɗai, mutane sun fi ƙarfina, wannan na miƙo sefa, wancan na jan mayafina. La'asar ma haka. Alhaji ya shigo ya fita ban san sau nawa ba, kowace shigowa da wani a bayansa yana yi masa barka da salla tun ba ta zo ba.

Da kasuwa ta watse aka zauna lissafi, giɓin ya haura albashina na wata biyu.

Har yau ban san inda kuɗin nan suka shiga ba. Ko canji na yi kuskure a cikin turmutsutsun, ko wani ya miƙa hannu ta kan kanta, ko hannun Alhaji ne da ba ya shiga lissafi, ko ɗaya daga cikin abokan aikina. Na yi zargi, ban musa ba, amma ban ga kowa ba. Abu ɗaya na sani, ni ban ɗauka ba.

Washegari da safe, kafin a buɗe ƙofa, Baba da ƙanen matar Alhaji suka yi alwala. Alhaji ya shimfiɗa darduma a tsakiyar kanti, tsakanin katan-katan na sabulu. Baba ya fara, ya dafa izu sittin ya rantse. Ɗayan ma ya dafa ya rantse, muryarsa ko gezau. Suka koma gefe suna gyara hula, an wanke su. Ido shida suka dawo kaina.

Sai a lokacin kowa ya gane abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Ni ba zan taɓa littafinsu ba, su ma ba za su bari ba. Dokar da aka kawo don kada a zalunci kowa ta fitar da mutum biyu, ta bar ni ni kaɗai da giɓin da a da ake raba shi uku.

“Alhaji, ina da nawa Littafin a ɗaki,” na ce. “In ɗauko in rantse maka da shi.”

Ya shafa gemu. Ba mugun mutum ba ne, na gaya wa kowa wannan, kuma ina nan a kan bakana. Tsoron kuskure ne ya cika shi.

“Madam, ban san hukuncin wanga ba. Bari in tambayi Malam.”

Da azahar ya dawo da amsa, har da ɗan murmushinsa. Malam ya ce rantsuwata karɓaɓɓiya ce, amma a wurin ibadata zan yi ta, inda nake jin tsoron Allah, masu haƙƙi suna tsaye suna ji. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Da aka tashi na wuce gidan fasto kai tsaye, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya daɗe yana kaɗa kai, sannan ya ce in dawo ranar Laraba, zai gana da dattawan ikilisiya. Ni da wautata na ɗauka ya amince.

Kwanakin da ke tsakani sun yi mini tsawo. Ina zuwa aiki, ina ba da canji, amma in na buɗe durowa sai in ji kamar duk layin ni ake kallo. Mai shayin da ke gefenmu, wanda kullum sai ya tsokane ni, ya koma gaisuwa a taƙaice. In na koma gida babu wanda zan ce wa, kin ji abin da ya same ni? Na zauna a bakin ƙofa ina jera kalmomin da zan faɗa a gaban bagaden coci, ina maimaitawa, kamar 'yar makaranta mai shirin jarrabawa. Ba kuɗin kaɗai ke cina ba, ko da yake in aka yanke su, 'yata za ta zauna a gida zangon nan. In na biya, na amsa sunan ɓarauniya ke nan, a garin da ba ni da wanda zai tsaya mini.

Ranar Laraba da hantsi muka tafi, Alhaji a gaba, Baba a bayansa, ni a ƙarshe da Littafina a naɗe cikin mayafi. Cocinmu ƙarama ce, a gefen gari, ginin bulo da rufin kwano. Alhaji bai taɓa taka unguwar ba. Ya tsaya a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin shinge, ya ce in shiga in sa a buɗe ƙofa, su daga nan bakin ƙofar za su ji.

Ƙofar a kulle take. Fasto yana zaune a barandar gidansa da dattijo guda. Da ya hango mutanen da ke ƙarƙashin bishiya, sai da ya miƙe tsaye.

“'Yar'uwa, har kin taho da su?”

“Ai ka ce Laraba, Baba Fasto.”

Ya ja ni gefe, ya sassauta murya. Ya ce dattawa sun zauna, kuma ni ma na san koyarwarmu, an hana mu rantsuwa, maganar mai bi ita ce rantsuwarsa. Ya ce ko ba wannan ba, in duba lokacin da ake ciki. Mu nawa muka rage a garin nan? In aka rantse a cikin coci, gobe wani ya tashi ya ce an ga kuɗin a hannuna, ba ni za a nema ba, ginin nan za a nema.

Na fahimce shi. Ko a lokacin, da raina ke tafasa, na fahimce shi. Mutum ne mai tsaron 'yan tumakin da suka rage masa. Da a nan ya tsaya, da na juya na tafi ba tare da riƙe shi a zuciya ba. Amma sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan.

“Dattawa sun ɗan tattara wannan. Bai kai ba, amma ki kai masa, sauran a riƙa cirewa a hankali. A rufe maganar.”

Dattijon da ke zaune ya ƙara da nasa, ba tare da ya dube ni ba: “Kowa yana iya faɗawa cikin jaraba, 'yar'uwa. Balle wanda ba ya samun zama ya ji wa'azi.”

Na dubi ambulan ɗin, na dubi fasto.

“Baba Fasto, tun da na zo maka da maganar nan, ba ka tambaye ni ko na ɗauka ba.”

“Ba mu ce kin ɗauka ba.”

“To kun ce ban ɗauka ba?”

Ya juya ambulan a hannu. Can ya ce, “Ubangiji ne masanin zuciya.”

Ina da baki, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Na ce masa su mai da kuɗinsu cikin baikon coci, ni ba sadaka na zo nema ba, mabuɗi na zo nema. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita su a nan ba. Na juya na nufi darbejiya.

Alhaji ya ga komai daga nesa, ko da bai ji ba. Na tsaya a gabansa na kwance Littafina daga mayafi.

“Sun ƙi buɗewa. Ga ni, ga ƙofar, ga Littafin. Bari in rantse maka a nan.”

Ya ɗaga hannu da sauri. “A'a, Madam. Malam ciki ya ce. Kar mu yi abin da ba shi ba.” Ya dubi ƙofar da ke kulle, ya dubi ƙasa, ya yi ajiyar zuciya. “Ki bar shi. Tunda har kin kawo mu nan, na yahe. Duniya da lahira na yahe maki. Ba ni taɓa albashinki.”

Ya faɗe shi da zuciya ɗaya, yana jin ya yi abin kirki, kuma a wurinsa ya yi. Amma ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Baba da ƙanen matarsa ba a yafe musu ba, wanke su aka yi. Na buɗe baki in ce masa ba na so, ya yanke kuɗinsa har sai ranar da ya yarda da ni. Sai na tuna an kusa komawa makaranta. Fasto kam na iya mayar masa da ambulan, don kuɗinsa ba su isa komai ba. Alhaji kuwa ban isa ba.

“Na gode, Alhaji,” na ce. “Allah ya saka da alheri.”

Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan godiya ba.

A hanyar komawa Alhaji ya hau babur ya yi gaba. Baba ya rage tafiya har na iso shi. Mun yi nisa, sannan ya ce, cikin tausayi, “Ɗiyata, da ke tamu ta, da magana ta ƙare tun ranar.” Ya ɗauka lallashina yake yi. Na ce masa haka ne, Baba.

Aiki ya ci gaba. Ba wanda ya sake ta da zancen, kuma wannan ya fi komai ciwo, don maganar da aka binne ba a kare kai a cikinta. Ƙanen matar Alhaji ya koyi wata sabuwar ɗabi'a, in na ba da canji sai ya matso yana leƙe ta kafaɗata, wai yana neman almakashi. Na daina leƙa sujadar safe. Ba wanda ya zo ya tambayi dalili. Sallarsu ta zo, Alhaji ya aiko mini da cinyar rago guda, na soya na ci kwana da kwanaki ni kaɗai, har ta gundure ni.

Ƙarshen wata ya ba ni albashina cif, kamar yadda ya yi alkawari. Na ware na makaranta, na ƙulle a leda, na tafi tasha da sassafe. Akwai wani direba, Bakatsine, da ke jigila zuwa Kaduna, daga can yake miƙa saƙo ga motar garinmu. Ban san gidansa ba, bai san nawa ba, iyakarmu gaisuwa da saƙo. Dokar tasha kuwa kowa ya san ta: mai saƙo ya faɗi adadi, direba ya ƙirga a gabansa, don kada a yi rigima daga baya.

Na same shi yana ɗaure kaya a bayan mota, igiya a baki. Na gaishe shi, na faɗi adadin, na miƙa. Ya karɓa da hannu ɗaya ya cusa a aljihun gaba, ya ci gaba da jan igiyarsa.

“Direba, ba ka ƙirga ba.”

Ya cire igiyar daga baki, ya dube ni kamar na faɗi abin dariya.

“Haba Madam. Ke? In kin ce haka na, haka na.”

Ya juya yana yi wa wani fasinja faɗa a kan buhun gero. Bai san abin da ya yi ba. Hawayen da ban zubar a gaban fasto ba, ban zubar a gaban Alhaji ba, suka ɓalle mini a tsakiyar tasha, tsakanin masu tallan ƙosai da 'yan kamasho. Na ja mayafi na rufe fuska. Wata tsohuwa mai jiran mota ta taɓa hannuna ta ce, “Rasuwa anka yi?” Na girgiza kai, don ban san yadda zan gaya mata cewa wani ne ya yarda da maganata ba.

Na tsaya har motar ta cika, ta fita daga tasha, ta hau titin Katsina. Sannan na share fuska na tafi buɗe kanti.